Tsakanin Duniyar Almara da Jigon Soyayya: Nazarin Daidaito a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Ƙagaggen labarin da ya haɗa almara da soyayya yana ɗauke da nauyi biyu. Na farko shi ne gina duniyar da mai karatu bai taɓa gani ba, da aljanunta da dokokinta. Na biyu shi ne raya dangantakar masoya har mai karatu ya damu da makomarsu. Wannan maƙala ta duba yadda ɗayan nauyin kan danne ɗaya, sannan ta kawo ma'aunin da zai taimaka wa manazarci da marubuci.

2.0 Waiwaye

Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ƙagaggen labarin Hausa ya buɗe ido da almara. A *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, tafiyar Alhaji Imam da cuɗanyarsa da aljanu su ne ƙashin bayan labarin, mata kuwa ratsawa kawai suke yi. *Jiki Magayi* na John Tafida da East ya fi kusa da batun, domin soyayyar Abubakar da Zainab ce ta kunna labarin. Sai dai da Malam Shaihu ya aure Zainab, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sai zaren soyayyar ya tsinke, jigon ya koma ɗaukar fansa a kan ɗansu Kyauta.

Adabin Kasuwar Kano ya raba gadon gida biyu. Littattafai irin su *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino sun riƙe soyayya a cikin rayuwar yau da kullum. Littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, sun riƙe bokaye da sadaukai da biranen tsafi. A irin wannan zubi, gimbiya takan zama tukuicin jarumi, alhali ita ce ya kamata ta zama rabin labarin.

3.0 Ma'aunin Daidaito

Ma'auni na farko: dokar duniyar almarar ita ce za ta haifar da cikas ga masoya. Idan za a iya cire aljanu labarin soyayyar ya tsaya yadda yake, to almarar ado ce kawai.

Na biyu: a bayyana duniyar ta idon masoya, a daidai lokacin da suke buƙatar saninta. Shafi goma na tarihin sarakunan aljanu kafin taurari su haɗu yakan kashe kwaɗayin karatu.

Na uku: warware rikici ya zo da asara. Zoben sihiri da zai share matsala cikin ƙiftawar ido yana zubar da darajar wahalar da masoya suka sha.

4.0 Misali daga Ƙasar Kabi

Marubucin da ya tashi a Jega ko Aliero ko Maiyama ba ya buƙatar aron birnin Bagadaza. Aliero ta shahara da ɗori na gado da noman albasa, Jega kuma tsohuwar cibiyar fatauci ce a bakin gulbi. A ƙaddara budurwa ta gaji sirrin ɗori daga aljanin gidansu, bisa sharaɗin cewa ranar da ta auri baƙo sirrin zai gushe. Sai ga wani farke ya karye a hanyar kasuwar Jega, aka kawo shi hannunta. Kowace rana ta jinya tana ƙara kusanta su, tana kuma ƙara kusanto ranar da garin zai rasa mai ɗorinsa. A nan sharaɗin aljani da bugun zuciya sun zama abu guda, kuma duk zaɓin da ta yi akwai wanda zai yi kuka.

5.0 Kammalawa

Daidaito ba ya nufin raba shafuka biyu daidai wa daida. Abin nema shi ne kowane ɓangare ya dogara da ɗan'uwansa, ta yadda cire ɗaya zai rushe ginin. Akwai buƙatar manazarta su gwada wannan ma'auni a kan labaran da ake sakawa a intanet da waɗanda ake karantawa a gidajen rediyo, inda wannan nau'i ya fi samun masu bibiya a yau.