Daga Apapa Zuwa Kasuwar Sheme: Wa Ke Kula Da Jiragen Ruwanmu?

Filin Ƙaro Ilimi

Darasinmu na wannan fitowa a kan teku yake. Mun san wani zai ce, mu da muke Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ina ruwanmu da teku, alhali mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa da ido ba? To, a ɗan yi haƙuri a dubi kayan da ke kewaye da mu. Babur ɗin Boxer da ke kai mu kasuwa na kamfanin Bajaj ne na ƙasar Indiya. Farantin sola da wayoyin hannu yawancinsu daga ƙasar Sin suke. Alkamar da ake yi mana burodi da ita mafi yawanta daga waje ake shigo da ita. Hatta takin zamani da iyayenmu ke zuba wa masara, akwai sinadarin da ake haɗa shi da shi wanda daga Maroko yake zuwa. Duk waɗannan ta ruwa suke shigowa. Haka kuma riɗi da zoɓo da citta da ake nomawa a Arewa, ta ruwa suke fita zuwa ƙasashen da ke saye.

Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya jiragen ruwa ne ke ɗaukarsu. Ashe ke nan idan jirgi ya nitse, ko 'yan fashi suka tare shi, abin ba ya tsayawa a bakin teku. Sai ya biyo hanya har kasuwar Sheme.

Mece ce NIMASA?

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, daga iyakarmu da Jamhuriyar Benin zuwa iyakarmu da Kamaru. Manyan tashoshin jiragen ruwanmu su ne Apapa da Tin Can da Lekki a Legas, sai Onne da Fatakwal a Jihar Ribas, sai Warri da Kalaba. Hukumar da gwamnatin tarayya ta ɗora wa alhakin kula da lafiyar jiragen da ke zirga-zirga a wannan ruwa da tsaronsu ita ce NIMASA, kuma hedikwatarta tana Legas.

An samar da ita ne ranar 1 ga Agusta, 2006, bayan an haɗe hukumomi biyu: tsohuwar hukumar kula da harkokin teku da aka kafa a 1987, da majalisar da ke kula da ma'aikatan tashoshi da na jirage. A 2007 aka yi dokar da take aiki da ita a yau. Daga 2023 tana ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar harkokin teku da tattalin arzikin ruwa. Dakta Bashir Jamoh, ɗan Jihar Kaduna, ya shugabance ta daga 2020 zuwa 2024, sannan Dakta Dayo Mobereola ya gaje shi.

Kada mu rikita ta da 'yan uwanta, domin a jarrabawa a nan ake yawan faɗuwa. Hukumar NPA ita ke kula da tashoshin su kansu. Kwastam su ke duba kaya su karɓi haraji. Sojojin ruwa su ke riƙe da makami. Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ita ke kula da sufuri a koguna da tafkuna na cikin ƙasa. Ita kuwa NIMASA idonta yana kan jirgin da mutanen da ke aiki a cikinsa.

Aikinta ya kasu gida biyu. Na farko shi ne lafiya, wato kare jirgi daga haɗari irin su nitsewa da gobara da karo. Na biyu shi ne tsaro, wato kare jirgi daga mugun mutum. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Gida na farko: lafiyar jirgi

A watan Afrilu na 1912 wani katafaren jirgi mai suna Titanic ya taso daga Ingila zai je Amurka, sai ya yi karo da dutsen ƙanƙara a teku ya nitse. Sama da mutum 1,500 suka mutu. Da aka bincika, sai aka ga ƙananan jiragen ceto 20 kawai yake ɗauke da su, waɗanda ba za su ɗauki fiye da kusan rabin mutanen da ke ciki ba. Wannan ya sa a 1914 ƙasashe suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda ake kira SOLAS. An sha sabunta ta, kuma wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke tsara irin waɗannan dokoki ita ce IMO, mai hedikwata a Landan, kuma Nijeriya ta shige ta a 1962. Baya ga SOLAS, akwai MARPOL da ke hana zuba mai da shara a teku, akwai kuma STCW ta 1978 da ta tsara irin horon da dole ma'aikacin jirgi ya samu. Sai dai IMO ba ta da sufetocin da za ta aika kowace tasha. Kowace ƙasa ita ke zartar da dokokin a gidanta, kuma a Nijeriya NIMASA ce ke wannan aiki, ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce rajista. Kamar yadda mota ke da lamba, haka kowane babban jirgi yake da ƙasar da ya yi rajista, kuma tutarta yake ɗagawa. Jirgin da ke son ɗaga tutar Nijeriya sai sufetocin NIMASA sun duba jikinsa da injinsa da kayan kashe gobara da na ceto kafin a ba shi takardun shaida, kuma lokaci-lokaci ana sake dubawa.

Hanya ta biyu ita ce binciken jiragen baƙi. Idan jirgin wata ƙasa ya shigo Apapa ko Onne, sufeto yana da ikon hawa ya nemi takardu, ya gwada famfon kashe gobara, ya duba jiragen ceto da rigunan ruwa. Idan ya ga lahani mai haɗari, sai a tsare jirgin, ba zai tashi ba sai an gyara. Domin kada ruɓaɓɓen jirgi ya kauce wa Legas ya sulale zuwa tashar maƙwabta, ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sun ƙulla yarjejeniya a Abuja a 1999 cewa za su riƙa bincike iri ɗaya suna musayar bayani.

Hanya ta uku ita ce tantance mutane. Jirgi mai lafiya a hannun wanda bai iya ba, haɗari ne. Saboda haka NIMASA ke yi wa matuƙa da injiniyoyi jarrabawa ta ba su shaidar ƙwarewa. Kuma akwai cibiyar ceto a Legas da ke sauraron kiran gaggawa dare da rana.

Akwai wata alama da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A jikin kowane jirgin dakon kaya akwai wani da'ira da layi ya ratsa ta tsakiya. Sunanta alamar Plimsoll, daga sunan wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, wanda ya yi ta fafutika har aka yi dokarta a 1876, domin a zamaninsa masu jirage suna cika su da kaya fiye da kima su nitse da ma'aikata. Idan ana loda kaya jirgi yana ƙara nutsawa. Da zarar ruwa ya kai layin da aka yarje masa, lodi ya ƙare, ko da kuwa akwai sauran wuri.

Kuna iya gwada wannan a gida. Ku cika baho da ruwa, ku ɗora kwanon sha a kai, ku yi masa alama da gawayi a rabin jikinsa. Ku zuba tsakuwa har ruwa ya kai alamar, sannan ku kaɗa ruwan da hannu. Kwanon zai yi rawa amma ba zai nitse ba. Ku ƙara tsakuwa har ruwa ya kusa bakinsa ku sake kaɗawa. Abin da za ku gani shi ne dalilin wannan doka.

Gida na biyu: tsaro

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, IMO ta fito da tsarin tsaron jirage da tashoshi mai suna ISPS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2004. Tsarin ya wajabta wa kowane babban jirgi da kowace tasha samun jami'in tsaro da rubutaccen shiri: wa zai shiga, ta ina, wa zai bincike shi. Yana da matakai uku na shirin ko-ta-kwana, gwargwadon girman barazana. NIMASA ce ke sa ido a kan bin wannan tsari a tashoshinmu.

Amma babbar matsalar yankinmu ita ce fashin teku. A 2020, shekarar da mu a nan ba za mu manta da ita ba saboda abin da ya faru a Ƙanƙara cikin watan Disamba, su ma ma'aikatan jirage sun ɗanɗana irin wannan baƙin ciki. Cibiyar IMB da ke tattara rahoton fashin teku ta ce a shekarar an yi garkuwa da ma'aikata 135 a duniya baki ɗaya, kuma 130 daga cikinsu a Mashigin Tekun Gini aka sace su, wato ruwan da ke gaban Nijeriya da maƙwabtanta. Salon ba baƙo ba ne a wurinmu: a zo da gudu cikin ƙananan jirage, a kwashi mutane, a shige da su surƙuƙin fadamun gaɓa, a nemi kuɗin fansa.

Abubuwa huɗu aka haɗa wajen tunkarar matsalar. Na ɗaya, haɗin kan maƙwabta: a 2013 ƙasashen yankin suka sa hannu a kan yarjejeniyar Yawunde don musayar bayanai. Na biyu, doka: a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana fashin teku da ake kira SPOMO. Na uku, ido da kayan aiki: ranar 10 ga Yuni, 2021 aka ƙaddamar da shirin Deep Blue a Legas, na dala miliyan 195, da manyan jiragen ruwa 2, da ƙanana masu gudu 17, da jiragen sama 2, da masu saukar ungulu 3, da marasa matuƙa 4, da motoci masu sulke 16, da cibiyar da ke kallon motsin jirage a na'ura. NIMASA ce ke jagorantar shirin, amma sojojin ruwa da na sama da na ƙasa da 'yan sanda duk suna ciki. Na huɗu, hukunci: a watan Yuli na 2021 babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu saboda fashin wani jirgin kamun kifi na 'yan ƙasar Sin.

A 2021 adadin waɗanda aka sace a yankin ya sauko zuwa 57, kuma a watan Maris na 2022 aka cire Nijeriya daga jerin wuraren da suka fi fama da fashin teku. Wannan ba ya nufin an gama. Har yanzu akan kai hari jefi-jefi a ruwan yankin, kuma ba NIMASA kaɗai ta kawo sauƙin ba, domin sojojin ruwanmu da na wasu ƙasashe sun yi sintiri. Amma ya nuna cewa matsalar da ake ganin ta gagara tana iya raguwa idan aka haɗa hannu.

To, ina ya shafe mu?

Na farko, ta aljihu. Jirgin da zai shiga ruwa mai haɗari sai an caje shi ƙarin kuɗin inshora. Mai jirgi ya ɗora wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗora wa dila, dila ya ɗora wa manomin da ya zo sayen buhun taki. Kun san yadda kuɗin mota ke tashi idan hanya ta yi rashin tsaro. Haka abin yake a teku.

Na biyu, tashar ta matso kusa da mu. A 2024 aka buɗe tashar tsandauri ta Funtuwa, bayan ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023. Manufar irin wannan tasha ita ce ɗan kasuwa ya yi takardun kwantenarsa a nan, ba sai ya je Legas ba. Amma kwantenar dai a ƙarshe jirgin ruwa za ta hau.

Na uku, darasin layin Plimsoll namu ne. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021 wani jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, kuma an danganta haɗarin da lodi fiye da kima. Allah ya jiƙansu. Ruwan cikin ƙasa hurumin NIWA ne, amma dokar ruwa ɗaya ce ko a teku ko a madatsa. Idan ka ga bakin kwale-kwale ya kusa taɓa ruwa, ka jira na gaba. Idan akwai rigar ruwa, ka sa. Haka kuma motar da aka cika har kan rufi ranar kasuwa.

Na huɗu, akwai aikin yi. Dokar 2003 ta keɓe jigilar kaya tsakanin tashoshin cikin Nijeriya ga jiragen 'yan ƙasa masu ma'aikata 'yan ƙasa. Akwai makarantar horon ma'aikatan jirage a Oron ta Jihar Akwa Ibom, da jami'ar harkokin teku a Okerenkoko ta Jihar Delta, kuma tun 2008 NIMASA take da shirin tura matasa karatun aikin jirgi a ƙasashen waje. Gaskiya ne wasu da suka gama sukan sha wahalar samun jirgin da za su yi horon sanin makamar aiki. Duk da haka ƙofar a buɗe take ga wanda ya riƙe lissafi da fizis da Turanci. Ba a tambayar ko an haife ka a bakin teku.

Tambayoyin auna fahimta

1. A wace shekara aka samar da NIMASA, kuma ina hedikwatarta?
2. Mene ne bambanci tsakanin aikin NIMASA da na NIWA?
3. Wane haɗari ne ya haifar da yarjejeniyar SOLAS?
4. Bayyana amfanin alamar Plimsoll cikin jimla biyu.
5. Daga cikin abubuwa huɗun da suka rage fashin teku, wanne kake ganin yankinmu ya fi buƙata? Kawo hujja.

A rubuta amsa a takarda, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Amsa mafi kyau ga tambaya ta biyar za mu liƙa ta a wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.