Darasi na 12: Wa Ya Kama Wata?

Jama'a, yau za mu yi magana a kan wani abu da kusan kowa a cikinmu ya taɓa gani. Wata ya cika, gari ya yi haske fes, yara suna wasa a dandali. Can sai a ga gefen wata ya soma baƙi, kamar an gutsuri waina. Kafin a jima duhun ya rufe shi duka, ya koma jajaja. Sai gari ya ruɗe. A fito da ganguna da gwangwanaye ana kaɗawa, ana cewa wata ya bi hanyar rana, ta kama shi, sai an ba ta haƙuri ta sake shi. Wannan shi ne husufin wata, wanda waɗansu ke kira zazzaɓin wata.

Tsoron nan ya kan jawo ɓarna. A watan Janairu na 2001 an yi husufin wata, sai waɗansu samari a Maiduguri suka ce zunubin mutanen gari ne ya kawo shi, suka fita suka yi ƙone-ƙone. Rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka ya kamata mu san ainihin abin da ke faruwa.

Da farko, wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke sauka a kansa, shi kuwa ya maido mana. Duniyarmu dunƙulalliya ce kamar lemo, wata kuwa yana kewaya ta. Daga tsayuwar wata zuwa wata tsayuwar kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan ke yin 29, wani 30.

To, kowane abu da haske ya buga yana da inuwa. Mutum yana da ita, bishiya tana da ita, duniya ma tana da tata. Ran 14 ko 15 ga wata, rana tana can wani gefe, wata yana ɗaya gefen, duniya tana tsakaninsu. In suka daidaita a kan layi ɗaya, sai wata ya shiga inuwar duniya, ya yi duhu. In ya ci gaba da tafiyarsa, sai ya fita. Shi ke nan. Jan da mu ke gani kuwa, ɗan hasken rana ne da ya ratso iskar duniya ya kai gare shi, irin jan da mu kan gani a sama da almuru.

Gani ya kori ji. Da dare ku kunna fitila a ɗaki, ku ɗora ta a kan turmi. Fitilar ita ce rana, kanku shi ne duniya. Ku riƙe lemo, shi ne wata. Ku ba fitila baya, ku miƙa hannu gabanku. Inuwar kanku za ta rufe lemon. Husufi ke nan. Yanzu ku ɗaga lemon sama kaɗan, za ku ga haske ya same shi duka. Haka a ke yi yawancin watanni. Hanyar wata ta ɗan karkace, sai ya bi ta saman inuwa ko ta ƙarƙashinta. Shi ya sa ba kowane wata a ke yin husufi ba.

Ku lura, a lokacin husufi rana ba ta kusa da wata, balle ta kama shi. Tsakaninmu da wata kilomita wajen 384,000 ne, tsakaninmu da rana kuwa kilomita wajen miliyan 150. Ƙarar gwangwani ba ta kai ƙauyen da ke gaba da mu, ina za ta kai wata?

Masana taurari su kan lissafta husufi tun da sauran shekaru, su faɗi ranarsa da sa'arsa. Ran 27 ga Yuli, 2018, an yi wanda aka gani a ƙasashenmu. Wata ya yi sa'a 1 da minti 43 inuwa ta rufe shi duka, daidai yadda aka faɗa tun da wuri. Garin da aka yi kiɗa da garin da aka yi barci, lokaci ɗaya ya fita musu.

Akwai kuma husufin rana. Shi a ƙarshen wata ya ke zuwa, sa'ad da wata ya gitta tsakaninmu da rana ya kare ta. Dattawa za su tuna ran 29 ga Maris, 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a wajajen Gusau da Katsina. A nan ne a ke bukatar hankali. Husufin wata ba ya cutar ido, ku kalla yadda ku ke so. Amma kada kowa ya dubi rana, ko da ta cikin baƙin tabarau ko ruwan ƙwarya, gama tana ƙona ido, mutum ya makance. Ku tsare yara ƙwarai.

Malamanmu sun karantar da mu cewa ranar da Ibrahim ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Annabi ya gyara musu, ya nuna rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma yi umurni da salla da addu'a. In husufi ya sake zuwa, wanda zai yi salla ya yi, sa'an nan mu tara yara, mu ɗauko fitila da lemo, mu nuna musu.

Tambayoyi

1. Daga ina wata ke samun haskensa?
2. Inuwar me ke rufe wata?
3. Ran nawa ga wata a ke yin husufin wata?
4. Don me ba a yinsa kowane wata?
5. Wane husufi ne ke cutar ido?

Ku rubuta wannan sau uku: Husufin wata inuwar duniya ce.