Alimun Bayan Aski: Amfaninsa da Kuskuren da Muke Yi a Shago

Shekara 19 ke nan ina riƙe da aska. A gidan wanzanci na tashi, kuma tun ina yaro ina ɗaukar wa Baba zabira nake ganin wani ɗan farin dutse a cikinta, naɗe a tsumma, kusa da dutsen wasa aska. Alimun ke nan, wasu su ce alif. Yau ina da shagona a Kano, aiki ya koma na reza da kilifa, amma alimun bai bar teburina ba. Abin da ya canza shi ne yadda nake amfani da shi, kuma dalilin wannan canji ne nake so abokan sana'a da masu zuwa gyaran fuska su ji.

Yawancinmu a randa muka san alimun: a jefa ɗan guntu cikin ruwa mai laka, dauɗa ta kwanta, ruwa ya yi garau. A jikin fata kuwa aikinsa tsukewa ne. Duk askin da aka yi da reza, ko ba ka ga jini ba, kaifi ya kankare saman fata ya bar ƙananan yanka da ido ba ya kamawa. Da alimun ya taɓa wurin sai naman ya tsuke, bakin ƙananan hanyoyin jini ya rufe, ɗigon jinin da ya tsattsafo ya tsaya. Yana kuma rage maiƙon fuska, yana ɗan hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a saman fata.

Amfani da shi ba shi da wuya. Idan an gama aski, a wanke sabulu tas da ruwan sanyi. A jiƙa dutsen, a bi da shi a hankali kan saje da haɓa da wuya, shafa kawai, ba gurzawa ba. A bar shi kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan a ɗauraye. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su bar shi ya bushe a fuska har ya yi fari, fata ta ɗaure kamar ganga. Bayan ɗaurayewa a tsane da tawul mai tsabta, a shafa ɗan man kaɗanya, musamman a lokacin hunturu da fata ke tsagewa. Shi ma dutsen a wanke shi a busar kafin a ajiye, don idan ya kwana a jiƙe narkewa yake yi.

Akwai wani amfani da sai mai sana'a ya san shi. Alimun ba ya ɓoye laifin hannu. Inda aska ta bi lafiya, sanyi kawai mutum zai ji. Inda aka danne, ko aka maimaita wuri ɗaya, ko aka yi wa gashi kishiyar kwanciyarsa, nan take zai yi raɗaɗi. Da shi nake koya wa yarana aiki. Nakan ce wa yaro ya dubi idon wanda ake yi wa aski lokacin da dutsen ya iso ƙarƙashin muƙamuƙi. In ya runtse ido, to gobe ka sassauta hannu a nan, ko ka duba ko rezarka ta dakushe.

To, ga abin da ya faru da ni. Ranar wani jajibirin Sallah ne, shago ya cika maƙil, har benci na waje babu wurin zama. Na yi wa wani matashi gyaran fuska, reza ta fasa masa wani ƙurji a haɓa. Na ɗauko alimun na danna, jini ya tsaya. Na ga ɗan ja-ja a jikin farin dutsen, na tsoma shi cikin kwanon ruwa, na ajiye. Wanda ya hau kujera bayansa wani dattijo ne ma'aikacin lafiya. Da na gama masa na miƙa hannu da dutsen, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Malam, dakata. Ba shi ne ka sa wa yaron can ba?"

Na ce, "Shi ne, Alhaji, amma ai na wanke. Reza ma sabuwa na fasa maka a gabanka."

Ya ce, "Reza kam na gani, Allah ya yi albarka. Amma jinin da ka kiyaye ni daga shi a reza, ga shi za ka kawo mini a dutse."

Ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a cikin busasshen jini a jikin kaya, kuma mutum yakan ɗauke ta shekaru bai sani ba, yana harkarsa lafiya lau. Alimun yana tsayar da jini, amma ba a dogara da shi wajen kashe wannan ƙwaya, tsomawa a kwanon ruwa kuma ba ta raba shi da ita. Fuskar da aka gama aske wa kuwa ƙofa ce a buɗe. Daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina lissafin fuskoki nawa dutse ɗaya ya bi a hannuna.

Tun daga ranar na sauya tsari. Nakan sayi alimun wajen 'yan koli a Kasuwar Kurmi, in farfasa shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, in zuba a kwalba mai murfi. Kowa guntunsa ɗaya, da an gama sai kwandon shara. Idan yanka guda ne, garinsa nake ɗiba da auduga in ɗora. Masu zuwa kullum kuma da yawa sun sayi nasu, suna zuwa da shi a aljihu yadda wasu ke zuwa da kilifarsu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ko a gida, uba da ɗa ko wa da ƙane kada su haɗa dutse ɗaya, kamar yadda ba sa haɗa asuwaki.

Sai kuma a san iyakarsa. Ƙurajen aski da ke damun da yawa daga cikinmu, asalinsu gashinmu ne mai murɗewa: in an aske shi ƙasa-ƙasa sai tsininsa ya lanƙwasa ya soki fata. Alimun ba ya ciro wannan gashi. Maganin shi ne a daina kankarewa tal, a bi kwanciyar gashi, ko a koma kilifa a bar ɗan tsawo. Masu kumburi mai tauri a ƙeya kuma likitan fata ya kamata su gani, gurza musu alimun ƙara fusata wurin yake yi. Yanka mai zurfi a danne shi da auduga mai tsabta, in jini ya ƙi tsayawa a nufi asibiti. A kiyaye ido da leɓe, kuma duk wanda fatarsa ta yi ja ko ƙaiƙayi bayan ya shafa, ya bari.

'Yan'uwana masu aski, mu da muke wuni hannunmu na kusa da jinin mutane, mu ne farkon waɗanda ya kamata su je gwajin ciwon hanta, wanda ba shi da ƙwayar ya karɓi rigakafi, allura 3 ce a cikin wata 6. Ni na je bayan Sallar nan, na kuma kai yarana duka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kai kuma mai zuwa aski, kamar yadda ka saba cewa a fasa maka sabuwar reza, ka ƙara da tambayar alimun ɗin na waye. Kai kuwa abokin sana'a, wanda ya ba ka wuyansa ka ɗora aska amana ya ba ka, kuma amanar ba ta ƙare ba sai ya sauka daga kujera lafiya.