Amsoshin Tambayoyinku: Me Girkawan dā suke zanawa a jikin tukwanensu?

Tambaya: A littafin tarihi na ga hotunan tukwanen Girkawan dā, jikinsu cike da zanen mutane da dodanni. Me zanen ke nufi, kuma me ya sa tukwanenmu na Hausa ba su da irinsa? Daga wata malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Malama, mun gode da wannan tambaya. Zanen da kika gani labarai ne na allolin da Girkawa ke bauta wa a wancan zamani, da jarumansu. Tukwanen kuwa kayan amfanin yau da kullum ne: tulun ruwa, randar man zaitun, da kaskon da suke haɗa giya da ruwa a wurin shagali. Mai gida na sha, labarin kakanninsa na gaban idonsa.

Manyan salon zanen iri biyu ne. Na farko shi ne baƙin zane a kan jan tukunya, wanda ya fara a birnin Korinti wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya maginan Atina suka ƙware a kansa. Wajen shekara 530 kafin haihuwarsa sai aka juya abin a Atina: jikin tukunya baƙi, mutanen ja. Baƙin nan ba fenti ba ne. Tataccen ruwan yumɓu ake shafawa, sannan a gasa a mataki uku. Da farko a bar iska ta shiga, komai ya yi ja. Sai a toshe ramukan a zuba ɗanyen itace, hayaƙi ya mai da komai baƙi. A ƙarshe a sake buɗewa, inda ba a shafa ba ya koma ja, inda aka shafa ya tsaya baƙi mai sheƙi.

Jarumin da aka fi zanawa shi ne Herakilis, musamman kokawarsa da zaki. Akwai kuma yaƙin birnin Taroyi. Magini Eksekiyas ya zana jarumai biyu na wannan yaƙi, Akilis da Ajas, sun sunkuya suna wasan dara da mashi a hannu, tukunyar tana gidan tarihi na Batikan. Wata babbar randa da aka yi wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aikin Ergotimos da mai zane Kilitiyas, tana ɗauke da siffofi sama da 200, da sunayen da yawa daga cikinsu a rubuce. Tana birnin Florence, domin a kaburburan mutanen dā na Italiya aka tono yawancin kyawawan tukwanen nan.

Game da namu kuwa, ba rashin gwaninta ba ne. Maginanmu suna ƙawata tulu da randa da layuka da ɗigo, kamar yadda ake zanen ƙwarya da na bangon gida, kuma Musulunci ya ƙarfafa nisantar zanen abu mai rai. Labaranmu a baki aka adana su: wurin maroƙa, da makaɗan fada, da kaka mai tatsuniya da dare. Labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura ya iso gare mu ba tare da tukunya ba. Ƙasa ma ta riƙe mana nata rabo, kamar kayan da aka tono a kaburburan Durɓi Takusheyi, kusa da Mani.

Sai dai tukunya ko ta fashe ɓaraguzanta na nan, tsoho kuwa in ya rasu labarinsa ya tafi da shi. Saboda haka, Malama, ki kai ɗalibanki gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ki kuma sa kowannensu ya rubuto labari ɗaya daga bakin kakarsa tun tana da rai.