Yadda za ka ga masanin halayyar ɗan Adam da katin inshorar lafiya

Mutum yana riƙe da katin inshorar lafiya ta gwamnati, damuwa ta hana shi barci, gabansa na yawan faɗuwa, sai ya shiga cigiyar masanin halayyar ɗan Adam da zai karɓi katin a garinsu. Galibi a ce masa babu, sai ya haƙura ko ya biya daga aljihunsa. Tun daga cigiyar aka saki hanya. Hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, da hukumomin jihohi irin su KSCHMA ta Kano, asibitoci suke tantancewa su ƙulla yarjejeniya da su. Masanin da ya buɗe ofishinsa shi kaɗai ba safai yake cikin tsarin ba. Wanda inshora za ta iya kai ka wurinsa yana aiki ne a manyan asibitoci, kamar na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a jihar Sakkwato, da na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Don haka asibiti za ka nema, kuma shigarsa da tsari.

Ka fara da asibitin da ka zaɓa lokacin rajista. Ka gaya wa likita abin da ke damunka ba tare da kwana-kwana ba: tun yaushe barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko aiki ya fara gagararka. Da yawa sukan ce "kaina ne ke ciwo" kawai, a ba su farasitamol su koma gida, alhali abin da aka rubuta a fayil shi ke sa a tura mutum gaba. Ka nemi takardar turawa zuwa sashen ƙwaƙwalwa, asibitin kuma ya karɓo lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorarka, wato HMO, ko hukumar jiha. In babu wannan lamba, kai za a miƙa wa takardar biya. Da ka isa, ka tsaya teburin inshora ka tambaya dalla-dalla ko zaman tattaunawa da masani yana cikin abin da aka amince, kuma zama nawa, domin tsare-tsaren sun bambanta. A tsarin NHIA kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani yana wuyanka.

Wani zai ce shi magana yake so a yi da shi, me ya haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa? Ƙorafin yana da tushe, amma ganin likitan ba ya nufin dole a ɗora ka kan ƙwaya. Ciwon maƙoƙo da wasu magunguna na iya jawo bugun zuciya da fargaba, kuma likita ne zai tantance hakan kafin ya miƙa ka ga masanin. Wani kuma tsoronsa kada a gan shi a "asibitin mahaukata". Wannan suna ya cutar da mutane masu yawa, ya sa sun zauna da ciwo shekara da shekaru. Mafi yawan masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare sirrin majiyyaci da mutuncinsa. Ƙorafin dogon layi kuwa gaskiya ne, tunda likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Shi ya sa ya dace ka karɓi rana tun yanzu, ko da da nisa, ka kuma bar lambar wayarka ko wani zai fasa zuwa.

Idan kamfanin HMO ya yi ta jan ƙafa kan lambar izini, ka kai ƙara a rubuce ofishin NHIA na jiharku, haɗe da kwafin takardar turawa. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ko ya daina gane mutanensa, kada a jira wata takarda. A kai shi sashen gaggawa nan take, a bi batun lamba daga baya.