Ladabin Baƙunta: Zama da Mutane a Makka da Madina

 Darasinmu na wannan fitowar na masu shirin Umra ne ko aikin Hajji. Sau da yawa mace za ta haddace addu'o'in ɗawafi tsaf, amma ba ta taɓa tambayar yadda ake zama da mutanen can ba. Alhali kowane gari da al'adarsa, kuma wadda ta jahilci wannan tana iya ɓata wa mutane rai a wurin da ta je neman lada.

Na farko, gaisuwa. Sallama ta wadatar a ko'ina. Durƙusawar da muke yi wa manya ba al'adarsu ba ce, matansu musafaha suke yi da sumbatar kumatu a tsakaninsu. Dattijuwa ki kira ta "Khala", wato inna. Idan kin san sunan babban ɗanta, ki ce "Ummu wane", wannan girmamawa ce babba a wurinsu. Ki riƙe 'yan kalmomi kamar "shukran" (na gode), "afwan" (yi haƙuri) da "bikam?" (nawa ne?). Ko da Larabcinki ya karye, sukan ji daɗi in kin gwada.

Na biyu, idan aka gayyace ki gida. Za a kawo gahawa da dabino. Ki karɓa da hannun dama. Kar ki ga an zuba kaɗan a ɗan kofi ki ɗauka rowa ce, haka ake yi don a riƙa ƙara wa baƙo. In kin ƙoshi, sai ki ɗan girgiza kofin yayin miƙawa, in ba haka ba za a ci gaba da zubawa. Idan aka zagayo da turaren wuta bayan abinci, galibi alama ce ziyara ta zo ƙarshe.

Na uku, doka. A shekarar 2019 Saudiyya ta fitar da ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a. Cikin laifukan da ake cin tara akwai ɗaukar hoton mutum ko bidiyonsa ba da izininsa ba, da tofar da yawu ko zubar da shara a hanya, da tsallake layi. Don Allah 'yar uwa, kafin ki ɗaga waya ki duba wa ke gabanki, musamman mata. Goro kuwa, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi cewa an hana shiga da shi, ki bar shi gida.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, kar ki mai da bambanci ya zama laifi. Mu nan yawancinmu mazhabar Malikiyya muka tashi a kai. A Harami za ki tsaya sahu ɗaya da 'yar Turkiyya ko Pakistan mai bin Hanafiyya, da 'yar Indonesiya mai bin Shafi'iyya, ga mutanen ƙasar da suka fi karkata ga Hambaliyya. Za ki ga bambanci a wurin ɗora hannu, ɗaga shi, da yanayin zaman tahiya. Duk wannan saɓani ne da malamai suka san da shi. Ba aikinki ba ne ki kama hannun wata kina gyara mata salla. In abu ya shige miki duhu, ki tambayi malamin tawagarku.

A ƙarshe, ki tuna ke jakadiya ce. Wadda kika matsa wa ta samu wuri a sahu, ko kika miƙa wa kofin Zamzam, ba za ta san sunanki ba, amma za ta koma ƙasarsu da labarin matan ƙasarki. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah Ya kai mu, Ya karɓa, Ya dawo da mu lafiya, amin.