Darasi Kan Siyasar Teku: Me Indiya Ke Nema?

'Yan uwana mata, darasinmu na wannan fitowa zai kai mu teku ne. Ku ɗauko taswirar duniya ta 'ya'yanku, ku duba ƙasar Indiya. Za ku ga ta kutsa cikin ruwa kamar harshe, teku ya kewaye ta ta fuska uku.

A da, in ana maganar wannan yanki, "Asiya da Fasifik" ake cewa, Indiya tana can gefe. A 2007 Firaministan Jafan, Shinzo Abe, ya yi jawabi a majalisar Indiya kan haɗuwar tekuna biyu, wato Tekun Indiya da na Fasifik. Sannu a hankali sunan "Indo-Fasifik" ya karɓu, wanda ya ɗauki tekunan biyu a matsayin yanki guda. To kun ga Indiya ta dawo tsakiya ke nan.

Me ya sa ta rungumi wannan tunani? Dalili na farko abincinta ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗanyen man da take amfani da shi daga waje yake zuwa, a jiragen ruwa. In aka toshe mata hanya, masana'antunta sun tsaya cak.

Na biyu kuwa, maƙwabciyarta ce, ƙasar Sin. A 2017 Sin ta buɗe sansanin soja a Jibuti, kuma a shekarar ce wani kamfaninta ya karɓi hayar tashar jiragen ruwa ta Hambantota a Siri Lanka na shekara 99. Ga kuma tashar Gwadar a Fakistan. Indiya na kallon wannan tamkar ana zagaye mata gida.

Shi ya sa a 2017 ta farfaɗo da zaman tuntuɓa da Amurka da Jafan da Ostireliya, wanda ake kira Quad. Amma ku lura, ba ta ɗaure kanta da yarjejeniyar yaƙi ba. A 2018 a Singafo, Firaminista Narendra Modi ya bayyana cewa yankin ya faro daga gaɓar Afirka har zuwa ta Amurka, kuma ba don a ware wata ƙasa aka tsara shi ba.

Kada ku ce abin ya yi mana nisa. Magunguna da Keke Napep da muke samu daga Indiya ta ruwa suke zuwa, kuma in hanya ta rikice, farashi ne zai gaya mana. Don haka in kun ji manyan ƙasashe sun sauya wa wani yanki suna, ku tambaya: wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.